Kaset bakwai suka rage mini daga muryar kawuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka, Allah Ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne daga Aboabo, a nan Kumasi. A da sai wani ya taso daga Najeriya ya riƙo mana ita, mu yi ta karɓa-karɓa har ta yage. Yanzu a waya nake karantawa. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina ba da hayar lasifika da ɗaukar sauti a wurin biki da suna da walima, daga Aboabo zuwa Asawase, Sabon Zango da Tafo, wani lokaci har Ejura idan aiki ya kai ni. Abin da ya sa na rubuto maka shi ne wata asara da na yi, wadda na daɗe ina ɗauka tawa ce ni kaɗai, sai daga baya na gane ta mu duka ce.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa. Tela ne, da keken ɗinki ya ci da iyalinsa. Amma idan ana biki a unguwa, maroƙa sun gama nasu, an ci an sha, sai ka ji mata daga cikin gida suna cewa a ba shi makirfo. Ba ya kiɗa, ba ya waƙa. Tsayawa kawai yake yi, ya ɗan karkace hula, ya dubi jama'a shiru har sai wani ya fara dariya tun bai ce uffan ba. Da a Kano ko Zariya yake, da ɗan kama za a kira shi. Yana jin Hausa da Tonanci, wato yaren Asante, kamar ruwa, yana taɓa Mosanci da Dagombanci da Yarbanci, kuma kowace murya ya ɗauka sai ka rantse mai ita ne ya shigo.

Akwai wani wasansa da ba na mantawa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Wanda ya tashi a Zango ya san abin da wannan doka ta yi mana: an sayar da gidaje a wulaƙance, an raba miji da mata, wasu sun hau mota zuwa ƙasar da ba su taɓa takawa ba. Dattawanmu ba sa son zancen. Kawu kuwa sai ya mai da shi wasa na mutum uku, shi kaɗai yake yin su: ɗan sanda, da wani tsoho bafataken goro, da matar tsohon tana magana daga bayan ƙyaure. Ɗan sanda ya ce ina takarda, tsoho ya shiga ɗaki ya fito da allo. Ya ce ba wannan ba, ya fito da laya. Ya ce ba wannan ba, ya fito da rasidin lampo na shekara ashirin a ɗaure da zare. Duk wannan matar tana ta ba shi shawara da ƙarfi, tana zaton raɗa take yi. Daga ƙarshe ɗan sanda ya gaji ya ce, to ina ne garinku? Sai kawu ya yi shiru, ya sauke murya, ya nuna hanyar maƙabartar Tafo ya ce, "Uwata na can, ubana na can. Je ka tambaye su takarda." Wallahi na sha ganin wuri ya kece da dariya, kafin ta lafa tsofaffin mata suna share ido da bakin mayafi.

Tun wajen 1987 na fara barin rikoda a kunne idan ya karɓi makirfo. Ban yi don tarihi ba, don masu biki ne, wasu kan nemi kwafi. Kafin ya rasu na tara kaset sama da sittin, na jera su a adaka na tura ƙarƙashin gado. Wata damina ruwa ya kwana yana zuba, rafin Aboabo ya cika ya shigo mana gida cikin dare. Muka kwashe yara da katifu, ba wanda ya tuna da adaka. Da na buɗe ta bayan kwana uku, laka ta shiga ko'ina, zaren ya manne da juna, wasu sun yi fumfuna fari fat kamar an barbaɗa musu gari. Na zauna da biro ina juya su ɗaya bayan ɗaya, zaren yana tsinkewa a hannuna. Bakwai suka tsira, don suna cikin wata leda a sama. Wasan ɗan sanda da tsoho ba ya cikinsu. Yau a duniya, in ban da abin da na ba ka yanzu da bakina, babu shi.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon ciwo shi ne zuwan 'yata hutu daga Jami'ar Ghana da ke Legon, inda take karatu. Na kunna mata ɗaya daga cikin bakwai ɗin, ina jiran ta yi dariya. Ta yi a wasu wurare, amma rabin kaset ɗin ta zuba mini ido. Kawu yana wasa a kan ranar 4 ga Agusta 1974, da aka sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, yana kwaikwayon direban da ya rantse shi ba zai bar hannun da ya gada ba. Jama'a a kaset suna faɗuwa, ita ba ta san an taɓa tuƙi ta hagu a Ghana ba. Ya ambaci kalabule, sai da na tsaya na bayyana mata yadda ake ɓoye sabulu da madara da sukari a ƙarshen shekarun 1970 a sayar a bayan fage. Ya taɓa ƙashin wuyansa ya ce ya samu sarƙa kyauta, wato abin da aka riƙa kira sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasa na lokacin, a yunwar 1983, lokacin da fari da gobarar daji suka haɗu da mutanen da aka koro daga Najeriya, ƙashin wuyan mutane ya fito fili don rama. Wannan ma a kaset ba a ganin hannunsa. Ni da na ga wurin ne kaɗai na san abin da ya taɓa.

A nan na fahimci cewa ko da kaset sittin ɗin sun tsira, aikin bai ƙare ba. Barkwanci ba kamar waƙa ba ne da za ka ji daɗin muryar ko ba ka gane ba. Yana rataye ne da ranarsa, da farashin kaya a kasuwa, da wanda ke kan mulki, da wanda ke zaune a gaba ana yi da shi. Idan waɗanda suka san waɗannan suka mutu ba a tambaye su ba, sai a wayi gari ana jin mutane suna dariya a kaset ba a san dalili ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Wasan kwansat fati na Ghana, wato wasan kwaikwayo na barkwanci haɗe da kiɗa, ya faro ne tun wajen 1918 da wani malamin makaranta a Sekondi, Master Yalley, Bob Johnson ya ɗauka ya yawata da shi ƙasa, E.K. Nyame ya zo a 1952 ya mai da shi harshen Akan ya haɗa shi da kiɗan hailaif. Mu da muka ga shekarun 1990 mun san yadda unguwa take yin tsit idan an sa Key Soap Concert Party a talabijin, yara sun cika tagar mai akwati. Taurarin shirin, Nkomode da Bob Okala, mai ɗaura agogon bango a hannu, duk sun rasu a farkon 2016, tsakaninsu bai kai wata biyu ba. Ka nemi wasanninsu yau, abin da za ka samu guntaye ne a YouTube, hoto ya dushe, babu ranar da aka yi, babu sunan wanda ya ɗauka. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa ya yi gobara a 1989, ɗakin ajiyar sauti da hotuna ya tafi da abubuwa masu yawa. Farfesa John Collins, wanda ya ba da rayuwarsa wajen tara kayan hailaif da kwansat fati a gidansa na Bokoor a Akara, shi ma ambaliya ta shiga masa a 2011. Idan haka ta faru da waɗanda suka san darajar abin, ina ga adakar da ke ƙarƙashin gadon talaka?

Ta wajenku ma, Malam Edita, ina jin zancen ɗaya ne. Mu nan Zango da muryar Samanja muka girma, da Ƙasimu Yero, daga baya kaset ɗin Ibro suka cika shagunan Alabar da Aboabo, har yaran da Hausarsu ta gauraya da Tonanci suna kwaikwayonsa. Ibro ya rasu a Disamba 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Samanja a 2023. Ina so in san a wane ɗaki aka jera ayyukansu cikakku, inda ɗalibi zai je ya ce a ba shi na shekara kaza. Kuma waɗannan su ne suka shiga talabijin. 'Yan kama da 'yan gambara da wawayen sarki da suka yi zamani kafin su fa? 'Yata ta nuna mini cewa wani Bature, Gidley, ya yi rubutu a kan 'yankamanci tun 1967. Na ji daɗi da aka yi, amma na ji nauyi a raina cewa jikokin masu sana'ar sai sun bi ta hannun baƙo kafin su ji abin da kakanninsu suka faɗa.

Sai zancen zane. A bakin layinmu akwai wani mai aski, shi ma ya riga mu gidan gaskiya, wanda bangon shagonsa kaf zanen barkwanci ne da yake yankowa daga jaridu, musamman na Akosua da ke fitowa a Daily Guide. Da yawa daga masu zuwa aski ba sa karanta Turanci, amma ba wanda ya taɓa neman a fassara masa zane. Mutum yana kan kujera, aska a wuyansa, zai nuna bango ya ce wancan mai tumbin ai minista wane ne, sai gardama ta ɓarke har a manta da layi. Siyasar da na gani ana yi a gaban bangon nan ta fi wadda ake yi a wurin taro gaskiya. Da ya rasu aka ba wani shagon, ya kankare bango ya shafa fenti. Ban ga laifinsa ba, shago ya karɓa. Sauran jaridun da ke ɗaure a lungu kuwa masu ƙosai da gyaɗa suka saye, kamar yadda aka saba.

Zanen nan shaida ne. Wanda yake son ya san yadda gwamnatin Nkrumah take kallon abokan hamayyarta, ya duba zanen Ghanatta a Evening News, jaridar da Nkrumah ya kafa a 1948. Abin da ke cikinsu ya fi jawabin minista fitowa fili. A 2017 wani matashi da ya yi karatu a jami'ar KNUST ta nan Kumasi, Bright Ackwerh, ya zana shugaban China yana tsiyaya gurɓataccen ruwa a kwanon shugabannin Ghana suna durƙushe, a kan haƙar zinariya ta galamse da ta lalata mana koguna. Zane ɗaya, sai da ofishin jakadancin China ya kai kuka. Duk wanda ya ga launin ruwan Pra da Offin bai buƙaci a yi masa bayani ba. Amma jikana, idan Allah Ya sa an gyara kogunan nan a zamaninsa, zai buƙata. Haka zanen Mustapha Bulama da muke gani daga Najeriya: yau kowa ya gane, shekara ashirin nan gaba sai an ce wane ne wannan, me ya faru a makon.

Mutane suna ce mini ai yanzu komai yana intanet, ba ya ɓata. Ni da na yi aiki da kaset, na koma faifan CD, na koma memori, na ga yadda kowannensu ya yi alkawari ya saɓa. Yaran unguwarmu masu wasan barkwanci a TikTok da Facebook, da Hausar Zango tsantsa, wasunsu suna da baiwar da ta kai ta kawu. Na san wanda aka rufe masa shafi, aikin shekara uku ya tafi a dare ɗaya. Na san wanda wayarsa ta faɗa kwata. Abin da aka tura ta WhatsApp kuwa, kowace turawa tana rage masa kyau, kuma ba ya tafiya da suna ko rana.

'Yata ce ta ba ni labarin yadda wasu ƙasashe suka yi. A Jami'ar Kent ta Ingila akwai ma'adanar zanen barkwanci tun 1973, a 2013 kuma suka buɗe wata ta masu barkwancin tsaye a dandamali, suka fara da kayan wata mata, Linda Smith, bayan rasuwarta: takardun da take rubuta wasa a kai, da kaset, da fastoci. A Amurka, Jami'ar Jihar Ohio tana da tata ta zane tun 1977. Wata mai barkwanci, Joan Rivers, ta bar katuna kimanin 65,000, kowanne da zance ɗaya a rubuce, an jera su bisa maudu'i, yanzu suna gidan tarihin barkwanci na Jamestown. Na yi shiru da na ji wannan, don na tuna kawu ma yana da wani ɗan littafin awo na tela, a bayansa yakan rubuta kalma ɗaya ko biyu da ajami don tuna wasa. Ban san inda ya shiga ba bayan rabon gado.

Amma ba sai mun je Ingila neman misali ba. Alhaji Umaru na Karaci, babban malami haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, yau ana karanta waƙoƙinsa ne saboda a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon ta tashi mutane, cikinsu har da Alhaji Usmanu Boyo na Kintampo, suka bi malamai gida-gida. Hikimar da suka yi ita ce ba su ƙwace wa kowa littafi ba. Aro suke yi, su ɗauki hoto, su mayar wa mai shi kayansa. Shi ya sa malamai suka yarda suka buɗe adakokinsu. Wannan hanyar ce nake ganin za ta yi mana, domin Bazange ba zai ba ka kaset ɗin auren uwarsa ka tafi da shi ba, amma zai zauna kusa da kai awa ɗaya ka kwafa.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a ido. Wani malami da nake girmamawa ya ce, Alhaji, karatun malamai daban, shirmen 'yan wasa daban, kada ka haɗa su. Ɗan kawu na cikinsa ma ya fi son a tuna mahaifinsa da sahun farko a masallaci, ba da karkatacciyar hula ba. Ban raina maganarsu ba. Na san an yi gargaɗi a kan mai ƙarya don ya ba mutane dariya, na kuma san Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana raha amma ba ya faɗin sai gaskiya. To wasan ɗan sanda da tsoho, wace ƙarya ce a ciki? Gaskiyar da manya suka kasa faɗa ce ya faɗa, ya kuma faɗe ta yadda za ta haɗiyu. Ba zan ɓoye ba, a cikin bakwai ɗin nan akwai wurin da ya yi wa wata ƙabila wasan da ya wuce na taubasantaka, akwai inda ya kwaikwayi mai in'ina, wanda yau ba zan so a sa a lasifika ba. Ra'ayina a ajiye su duka, kada a goge, amma iyali su ke da ikon cewa wannan a saki, wannan sai mai bincike. Gogewa ba ta mayar da mutum waliyyi, hana na baya sanin yadda aka yi zama kawai take yi.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ba mai tsada ba ne. Ka ba mu ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, inda mai karatu zai aiko da wasa ɗaya da ya ji daga bakin wani mai barkwanci na garinsu, ya faɗi wuri da shekara da abin da ake ciki a lokacin. Ka sa a riƙa buga tsohon zane ɗaya tare da layi uku na bayani. Zanen da kuke bugawa yanzu kuma, a tara su wuri ɗaya da kwanan wata da sunan mai zane, a ba wata jami'a kwafi, Bayero ko Ahmadu Bello ko Legon, don jarida ma gida ce, tana iya gobara. Gidajen rediyonmu na Hausa a nan Kumasi su ma suna da rawar takawa: dattawan da suka halarci bukukuwan nan suna nan da ransu, a kunna musu kaset a ɗauki abin da za su ce.

Ga masu irin adakata kuma, ga abin da wahala ta koya mini. A ɗauke ta daga ƙasa yau, a sa a sama, nesa da bango mai danshi da zafin kwano. Kaset ɗin da ya yi fumfuna kada a sa shi a rikoda, zai tsinke ya kuma shafa wa na bayansa. A ware shi a nemi wanda ya iya. Mai kyau a haɗa rikoda da kwamfuta da waya, a kwafe shi ɗungurungum ba tare da yanke dariyar jama'a da hayaniyar yara ba, don su ma suna cikin wasan. A ajiye kwafi a wuri uku, ɗaya a wani gida daban. Takardar jarida kuwa kada a manna mata salatif, kada a kai a rufe ta da roba mai zafi, duka biyun suna cinye ta. A shimfiɗa ta a inuwa, lokacin da gari yake da haske, a ɗauki hoton shafin gaba ɗaya har da saman da ke ɗauke da kwanan wata. Sannan a samu takarda a rubuta wane ne, a ina, yaushe, bikin wa.

Ni dai na fara. Shida daga cikin bakwai mun kwafe ni da 'yata, tana tsayar da kaset ina bayani tana rubutawa, wani wurin sai mun aika an tambayo yayar mahaifiyata da ta haura tamanin, ita ce ta gane muryoyin matan da ke amsa masa. Na bakwai zarensa ya ɗan naɗe a gefe, ban yarda in taɓa shi da hannuna ba, ina jiran wani tsohon mai gyaran rediyo a Asawase ya warware mini. A jikinsa da rubutuna na wancan lokaci an sa "suna, Sabon Zango, 1991". Rikodata tana aiki har yanzu, kuma duk wanda ke Kumasi yake da kaset irin wannan, in ya tambayi mai lasifika na Aboabo za a nuna masa gida. Ranar Asabar bayan la'asar ina nan, ba na karɓar ko sisi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Aboabo, Kumasi.